Salsala ta kai ƙarni na 18, amma sunaye ne zalla: yaya ake haɗa su da tarihin zamaninsu?

Mai Neman Asali

Assalamu alaikum. Malamai, shawara nake nema. Salsalar da nake haɗawa ta kai shekarun 1700 ta reshe biyu. Reshe ɗaya yana da takardu, ɗayan kuwa a baki aka karɓo shi daga tsofaffi. Abin da ke hannuna bai wuce suna ba, wani lokaci da shekara, wani lokaci da sunan gari. Burina in rubuta wa dangi abin da in sun karanta za su ji mutane ne suka rayu, ba jerin sunaye ba. Ta ina ake farawa wajen haɗa su da abin da ya faru a zamaninsu? Abu biyu nake gudu: in cusa musu tarihin da bai shafe su ba, ko in wayi gari ina ƙaga labari. Sannan akwai takardar da aka rubuta shekara biyu a manne, 1741/2. Kuskuren marubuci ne?

Malam Na-Kundi

Wa alaikumus salam. Ba kuskure ba ne, kuma wannan tambayar taka ta ƙarshe ita ce ƙofar shiga. Kafin tarihin zamani ya zama adon rubutunka, aikinsa na farko shi ne ya hana ka karanta takarda a karkace.

A Ingila da ƙasashen da take mulka, har zuwa 1751 sabuwar shekara a hukumance tana kamawa ne ranar 25 ga Maris, ba 1 ga Janairu ba. Saboda haka duk ranar da ta faɗo tsakanin 1 ga Janairu da 24 ga Maris tana da shekara biyu: ta hukuma da ta lissafinmu na yanzu. Wanda ya rubuta 1741/2 yana nufin 1741 a tsohon lissafi, 1742 a sabo. Ga inda ake faɗawa rami: ka ga an ɗaura aure a Afrilun 1741, ka ga an yi wa jariri baftisma a Fabrairun 1741, sai ka ɗauka haihuwa ta riga aure da wata biyu. Alhali Fabrairun nan yana zuwa ne wata goma bayan Afrilu. An ɓata sunan matattu da yawa da wannan kuskuren. Sikotilan kuwa tun 1600 ta mayar da farkon shekararta 1 ga Janairu, don haka kada ka auna ta da ma'aunin Ingila.

Sai kwana 11 da aka tsallake. A 1752, daga Laraba 2 ga Satumba aka wayi gari Alhamis 14 ga Satumba, domin a daidaita da kalandar da Faransa da Sifen da sauran ƙasashen Katolika suka kama tun 1582. George Washington, shugaban Amurka na farko, misali ne mai kyau: ranar 11 ga Fabrairu 1731 aka haife shi a tsohon lissafi, amma 22 ga Fabrairu 1732 ake rubutawa yanzu. Rana ta canja, shekara ta canja, mutum ɗaya ne. Jihohin Jamus na Furotesta sun sauya a 1700, Suwidin a 1753, Rasha kuwa sai 1918. Wasiƙar da ta bar Faris ta isa Landan a 1740 za ta iya zama kamar ta iso kafin a rubuta ta.

Ka kula da gajerun sunayen watanni. In ka ga 7ber, Satumba ne, ba Yuli ba. 8ber Oktoba, 9ber Nuwamba, Xber Disamba. 'Yan ɗarikar Kwaka, wata ƙungiyar Kiristoci, ba sa kiran wata da suna, lamba suke ba shi, kuma kafin 1752 wata na ɗaya a wurinsu Maris ne. In reshenka ya bi ta Faransa, daga 1793 zuwa ƙarshen 1805 takardun hukuma da kalandar juyin juya hali aka rubuta su: wata 12 masu kwana talatin-talatin, da ƙarin kwana 5 ko 6 a ƙarshe, shekara ta ɗaya kuma daga 22 ga Satumba 1792 aka ƙirga ta.

Ƙa'idar da ba a sassautawa: ka kwafi ranar yadda take a takarda, harafi da harafi, sannan ka sa wadda ka juya a wani layi dabam, ka rubuta cewa kai ne ka juya. Idan ka gyara a ɓoye, wanda ya zo bayanka zai sake gyarawa, a wayi gari an ƙara kwana 22.

Kuma ranar baftisma ba ranar haihuwa ba ce. Galibi kwanaki ne ko makonni tsakani, amma akwai gidajen da ake tara yara uku a kai su rana ɗaya. Ba 'yan uku ba ne.

Hajiya Mai Taswira

Malam ya share fage. Ni ta wuri zan ɗauko maka, don a nan ne tsoronka na farko yake.

Ka ɗauki mutum ɗaya tak, kada ka ce za ka yi wa reshe gaba ɗaya. Ka ja layi uku a takarda. Na farko, shekara da shekarunsa na haihuwa a lokacin. Na biyu, abin da takarda ta faɗa a kansa. Na uku, abin da ya faru inda yake zaune. Sharaɗin shiga layi na uku shi ne abu ya cika uku: ya faru yana raye, ya faru inda ƙafarsa ko labarin kasuwarsa ke kaiwa, kuma ya shafi mutum irinsa. Juyin juya halin Faransa na 1789 babban abu ne, amma ba shi da hurumi a tarihin manomin da ya mutu a 1785, ko masuncin da ke wata nahiya. Shekarun mutum ma suna tacewa. Yaƙin Shekara Bakwai, 1756 zuwa 1763, abu ɗaya ne ga saurayi ɗan 19 wanda za a iya ɗauka soja, wani abu ne dabam ga gyatuma mai 60 wadda harajin yaƙin kawai ya iske ta.

Daga nan ka tambayi kanka: a wannan shekarar, garin nan a ƙarƙashin wa yake? Taswirar yau za ta yaudare ka. Gidan da ke yankin Kentaki na Amurka, ba tare da ya gusa ko taku ɗaya ba, yana cikin gundumar Fincastle ta Bajiniya har zuwa 1776, ya koma gundumar Kentucky, a 1780 aka raba ta uku, a 1792 kuma yankin ya zama jiha mai zaman kanta. Takardun gona da na gado suna nan a inda aka rubuta su tun farko, ba sa bin sabuwar iyaka. Wanda bai san haka ba sai ya rubuta cewa iyalin sun yi ta ƙaura. Folan an yanka ta sau uku, 1772, 1793 da 1795, tsakanin Rasha da Farusiya da Ostiriya. Birnin Lwów ya zama Lemberg a takardun Ostiriya. Faransa ta rushe tsoffin lardunanta a 1790 ta kafa sassa 83, a 1792 kuma ta karɓe rajistar haihuwa da aure da mutuwa daga hannun coci ta ba hukumar gari.

Abin da mutane ke rainawa shi ne tambayar me ya sa aka rubuta takardar tun asali. Ba don jikoki aka rubuta ta ba. Doka ce, ko haraji, ko rigima. In ka san dokar, takardar za ta yi maka magana fiye da abin da ke kanta. Daga 25 ga Maris 1754, dokar aure ta Ingila ta wajabta a ɗaura aure a cocin Angilika, da shaidu biyu, a sa hannu a littafi, kuma wanda bai kai 21 ba sai da yardar iyaye. Yahudawa da 'yan Kwaka kuwa an keɓe su. To ganin an ɗaura auren kakanka a cocin Angilika a 1770 ba ya nuna ɗarikarsa. Ɗan Katolika ma can zai je in yana so doka ta san da aurensa. Amma littafin ya ba ka wata kyauta: za ka ga ko ya rubuta sunansa da hannunsa ko alama ya yi, kuma za ka ga su wa suka tsaya masa shaida. Shaidun nan sau da yawa surukai ne. Dokar ba ta hau kan Sikotilan ba, shi ya sa masu gudun iyaye ke tsallakawa Gretna Green, ƙauyen Sikotilan da ke bakin iyakar Ingila. Sannan daga 1783 zuwa 1794 an sa harajin kwabo 3 a kan kowane suna da aka shigar a rajistar coci, an yafe wa matalauta. Sakamakon biyu ne: wasu ba su kai 'ya'yansu ba sam, wasu kuma aka rubuta su matalauta alhali ba su kai nan ba. Kada ka gina labarin talauci a kan kalma ɗaya ta waɗannan shekarun.

Ƙidayar jama'a kuwa kada ka sa mata rai da yawa. Ta Amurka ta 1790 sunan maigida kaɗai ta ɗauka, saura lamba ne: fararen fata maza masu 16 zuwa sama, na ƙasa da haka, fararen fata mata, sauran masu 'yanci, da bayi. Takardun wasu jihohi, har da Bajiniya, sun salwanta, da jerin masu biyan haraji ake cike gurbinsu. Birtaniya ba ta yi tata ba sai 1801. Aisilan ce ta yi fice, ta rubuta sunan kowa da kowa tun 1703.

Ga dabara ɗaya mai arha da ke ba da amfani. In kakanka ya rasa yara biyu ko uku a shekara ɗaya, kada ka tsaya kan sunayensu. Ka ƙirga duk jana'izar da ke littafin garin, shekara goma kafin da goma bayan. In garin da ya saba binne mutum 20 a shekara ya binne 55, to ba gidanku kaɗai abin ya shiga ba. Ka duba watannin da kuma shekarun mamatan: in yara ne suka fi yawa cikin 'yan makonni, agana ce ake fara zargi, in manya da tsofaffi ne bayan girbi ya lalace, yunwa da zazzaɓin da ke bin ta. Sai yanzu ka buɗe littafin tarihi. Sanyin 1709 ya kashe amfanin gona a Turai, annoba ta shiga birnin Marsai na Faransa a 1720, yunwa ta yi ɓarna a Ailan a 1740 da 1741, haka a Bengal a 1770, dutsen Laki ya yi aman wuta a 1783 har kusan kashi ɗaya cikin biyar na mutanen Aisilan suka mutu, zazzaɓin shawara ya kashe wajen mutum 5,000 a Filadelfiya a 1793. Daga littafin gari ake zuwa babban tarihi, ba daga babban tarihi ake saukowa a nemo wanda za a rataya wa ba.

Baba Alƙalami

Hajiya, Allah ya ƙara basira, amma duk wannan na mai takarda ne. Yaron nan ya ce reshensa ɗaya a baki yake, kuma mafi yawan mutanen duniya a ƙarni na 18 babu wanda ya rubuta ranar haihuwarsu. Wannan reshen ma ana yi masa aiki, sai dai kayan aikin dabam ne.

Ɗana, fara da ƙirga tsatso. Tsakanin uba da ɗa ka sa kimanin shekara 30, ta wajen uwa ya kan gaza haka kaɗan. Wanda aka haifa a 1990, in ya koma baya tsatso takwas, ya kai wajen 1750. Idan jerin da aka ba ka suna biyar ne kacal kuma ana cewa na biyar ɗin ya rayu a 1750, raba 240 gida biyar, ka ga 48 ke nan kowane tsatso. Uba ɗaya zai iya haihuwa yana da 48, har fiye, amma biyar a jere da wuya. Ma'ana an haɗiye sunaye a tsakiya. Haka salsalar baka take: tana riƙe wanda ya kafa gida da na kusa-kusa, ta zubar da na tsakiya, musamman inda jika ya ci sunan kaka, sai mutum biyu su narke su zama ɗaya. Akwai kuma akasin haka, inda wa da ƙane suka gaji juna a sarauta ko limanci, mai ba da labari ya jera su kamar uba da ɗa, salsala ta yi tsawon da ba nata ba. Maganinsa ka tambayi kowane suna: wace ce uwarsa, a ina aka binne shi, wane laƙabi ake masa. Ka ji daga tsofaffi uku na ɗakuna dabam-dabam, kowa shi kaɗai. In ka tara su zama ɗaya, babban cikinsu zai yi magana, saura su ce haka ne.

Sannan ka nemi turke. Tsoho ba zai ce maka 1770 ba, zai ce zamanin sarki wane, ko shekarar yunwa kaza, ko lokacin da aka ci gari kaza. Jerin sarakuna shi ne kalandarka, amma ka san yadda aka samo shekarunsa. Tarihin sarakunan Kano, alal misali, tsawon mulki yake bayarwa, ba shekarar hawa ba. Shekarun da ake gani a littattafai, kamar Babba Zaki 1768 zuwa 1776, ko Alwali daga 1781, lissafi ne aka yi ta baya daga ranar da aka tabbatar. Kuskuren shekara biyu a sarki ɗaya yana bin duk na gabansa. Don haka "wajen" za ka riƙa rubutawa. Turke mafi ƙarfi shi ne abin da aka gani a sama, domin masana taurari suna iya lissafa shi daidai: tauraruwa mai wutsiya ta Halley ta bayyana a 1759, husufin rana kuma akwai jadawalinsa na kowace ƙasa. A nan ma maganar Malam tana aiki: husufin da ya rufe Landan a 1715, mutanen garin 22 ga Afrilu suka rubuta, jadawalin yau 3 ga Mayu yake cewa.

In an sami rubutun Larabci a gidan, ko takardar alƙali irin waɗanda kotunan Daular Usmaniyya suka tara a Alƙahira da Dimashƙa da Halab, shekarar Hijira za ka gani. Ka raba ta da 33, ka cire abin da ka samu daga cikinta, ka ƙara 622. Shekarar 1200 ta ba ka 1785 da ɗoriya, kuma lalle a Nuwamban 1785 ta kama. Amma shekarar Hijira ɗaya kusan kullum tana hawa kan na Miladiyya biyu, to in babu wata, ka rubuta 1785/86. Magatakarda sukan yar da dubun, su rubuta 187 suna nufin 1187, wato 1773/74. Wasu kuma da haruffa suke rubuta shekara, kuma lissafin haruffan Magrib, wato ƙasashen Larabawa na arewa maso yammacin Afirka, wanda malaman Afirka ta Yamma ke bi, ya saɓa da na Gabas. Shinun 1000 ne a Magrib, 300 a Gabas. Shinun da ra'un a haɗe 1200 ne a Magrib, 500 a Gabas. Kuma ka rarrabe ranar da mawallafi ya gama littafi da ranar da mai kwafi ya gama kwafinsa. Mai kwafi yakan kwashe har da ranar mawallafin.

Kayan gado ma a yi hattara. Kuɗin azurfar nan mai hoton Mariya Tereza, sarauniyar Ostiriya, wanda aka rubuta 1780 a jikinsa, an ci gaba da buga shi da wannan shekarar har ƙarni biyu bayan mutuwarta. Samunsa a akwatin kaka ba ya kai ka ƙarni na 18.

Mai Neman Asali

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Saura biyu. Akwai wasiyyar da aka bar wa 'ya fam 10. In juya shi zuwa kuɗin yau? Kuma in mutum yana da shekarun shiga soja lokacin da aka yi yaƙi a yankinsa, zan iya cewa ya yi yaƙin?

Malam Na-Kundi

Na biyun, a'a. Abin da za ka iya cewa shi ne yana da shekara kaza lokacin da yaƙin ya iso, kuma ana ɗibar maza masu irin shekarunsa. Wannan gaskiya ce, kuma ta isa ta sa mai karatu ya ji nauyin abin. "Ya yi yaƙi" sai da sunansa a jerin mayaƙa, ko takardar fansho, ko riwayar gida wadda za ka faɗi daga bakin wa ka ji ta. Ko ka ga sunan, ka tabbata shi ne: gari ɗaya kan ɗauki mutum uku masu suna ɗaya, iyaye sukan mayar wa sabon jariri sunan wansa da ya rasu, kuma a takardun Amurka na lokacin Senior da Junior ba dole uba da ɗa ba ne, babba da ƙarami ne kawai cikin masu suna ɗaya a garin. In babban ya mutu, ƙaramin ya kan gaji laƙabin.

Ka ba kowace jimla ɗaya daga murya uku, kuma mai karatu ya iya bambance su. "Rajistar ta nuna" ga abin da ke rubuce. "Da alama", tare da dalilinka, ga abin da ka hakaito. "A wancan lokacin mutanen yankin" ga yanayin zamani. Abin da ya ji a ransa ranar da ya binne ɗansa, bar wa mai karatu. Ka sa ranakun jana'iza biyu a jere, kwana tara tsakani, ka faɗi yawan yaran da garin ya binne a watan; babu wanda zai nemi ƙarin bayani.

Fam 10 kuwa kada ka juya, lambar da na'ura za ta ba ka ba ta gaya wa kowa komai. Auna shi da guminsu. Fam ɗaya sule 20 ne, sule kwabo 12. Leburan gona a Ingila a tsakiyar ƙarnin yana samun kusan sule ɗaya a yini, to fam 10 ladan yini 200 ke nan. In akwai lissafin kayan mamacin, wanda masu ƙiyasta gado kan bi ɗaki-ɗaki su rubuta, ka gwada da kuɗin da suka yi wa saniyarsa ko gadon kwanansa. Sai dai ka duba wane fam ne. A yankunan Amurka kowace hukuma da nata: dalar Sifen ɗaya sule 6 ce a Bajiniya, 7 da sisi a Fensilbeniya, 8 a Niyok, alhali a kuɗin Landan sule 4 da sisi ce.

Hajiya Mai Taswira

Ƙari ɗaya a kan lissafin kayan mamaci, don kada ya zo maka ba shiri. A takardun Amurka da tsibiran Karebiyan za ka iya iske sunayen mutane a jere da dabbobi da tukwane, an yi musu kuɗi. A wannan ƙarnin aka kwashi fiye da mutum miliyan 6 daga Afirka aka haye teku da su, kuma takardun jiragen lamba suka rubuta, ba suna ba. Sau da yawa wannan lissafin gadon shi ne wuri ɗaya tilo da sunan mutum ya tsira. In ka ci karo da su, ka kwafe sunayen duka, da shekarun da aka ƙiyasta musu da wanda aka ba wa kowannensu a rabon gado, ko da ba jininka ba ne. Wanda ke neman kakarsa ta wannan hanyar, sunan magajin da ta faɗa hannunsa shi ne zai gaya masa gundumar da zai bincika gaba.